Kwanonin da Suka Wuce Ƙofata

Litinin, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Ta iso. Sunanta Sumayya, 'yar Funtuwa ce, bara ta gama karatu. Ta ce a waya ta ga sanarwar ƙungiyarmu, zuciyarta ta ƙi barin ta zauna. To madalla. Ni ma da na baro Katsina farkon shekarar nan na tsallako Nijar don in koyar da marayun Garin Jika kyauta, ai ba zuciyar wani na ara ba. Sai dai ni ban tsaya a tsakar gida ina ba mutane labari ba.

Mushe Ilyasu (Mushe ake ce wa malami namiji a nan), shugaban 'yar makarantar tamu, ya ce za a raba ajina biyu: ita ta ɗauki ƙanana, ni in riƙe manya. Wai don in samu hutu. Ban tuna ranar da na ce masa na gaji ba. Rumfa ɗaya ce, sai aka kafa zana a tsakiya.

Inna Tchima, tsohuwar da nake zaune a gidanta, ta sa na share ɗakin da ke kallon nawa, na ɗaura gidan sauro. Na share, na ɗaura. Yarinyar kyakkyawa ce, ba zan yi ƙarya ba, har da wushirya.

Laraba, 11 ga Oktoba, azahar

Zana ba bango ba ne, komai ina ji. Da tafi take koya musu baƙaƙe, da waƙa, da tsalle. Ta tara murafan kwalba a leda suna lissafi da su. Ni ina gaban allo da alli ina fama, manyan nawa kuwa wuyansu ya karkace wajen zana. Sai da na buga tebur.

Abin da ya tsaya mini shi ne Rukaiya. Da na zo garin nan yarinyar ba ta magana, tun rasuwar uwarta. Ni na yi ta zama da ita a gindin dogonyaro, ina tsefe mata kai, ina surutu ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya, har ranar da ta buɗe baki ta faɗi sunanta. Ƙarama ce, don haka ta faɗa ɓangaren Sumayya. Yau na ji dariyarta ta cikin zana, dariya sosai har da shiɗewa. Ni ba ta taɓa yi mini irin wannan ba.

Ya kamata in yi murna. Na yi.

Alhamis, 12 ga Oktoba, dab da magariba

A garin nan idan baƙo ya sauka, kowane gida yakan aiko masa da kwanon abinci da yamma. Lokacin da na zo har rasa wurin ajiye su nake yi: tuwon hatsi daga gidan liman, dambu daga gidan maigari, fura daga rugar bayan gari. Da tafiya ta yi tafiya suka riƙa raguwa, ban ma lura ba, tunda tukunyar Inna nake ci tare da jikokinta.

Yau ina bakin ƙofata ina tsintar wake, sai ga yara sun jero da kwanoni a ka. Har na gyara zama, na janye tire gefe.

"Yaya Nazira, ina wuni."

Suka wuce. Dukansu. Ƙofar Sumayya suka durƙusa, "Madam, ga shi an ce a kawo maki." Ita Madam, ni Yaya Nazira, kamar kowace budurwar gari. Har kwanon gidan liman mai fure shuɗi, wanda na sha wankewa da hannuna, ya wuce ta gabana.

Juma'a, 13 ga Oktoba, yamma

Sun sake wucewa. Ba yunwa nake ji ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba, hantsi

Ina daka tare da Inna, sai ta dubi ɗakin Sumayya ta rage murya.

"Nazira, ke ba ki ɗora ma baƙuwarmu komi ba? Kowane gida ya hidda kwano sai ke. Ko ɗan wake ne ki yi mata, kin iya shi."

Na ce to. Taɓarya kawai na ƙara dannawa har hatsi na tsalle. Wato ni da na riga ta zuwa, na sha zazzaɓin garin nan, na yi amai a wannan tsakar gidan, yanzu ni ce kukun Madam. Ita kuwa da ta fito ta ce a ba ta taɓarya ta taya mu, Inna har da salati ta ƙwace, wai hannunta zai yi kanta. Nawa hannun ba na mutum ba ne.

Ban yi ɗan waken ba.

Laraba, 18 ga Oktoba, bayan la'asar

Matsalar yarinyar nan ba ta da laifi. Da tana da girman kai da na huta. Yau ta shigo ɗakina da kibiya ta ce kaina ya tsufa, ta zaunar da ni ta yi mini kitso. Hannunta da laushi, ga shi ba ta ja.

Tana yi tana hira. Ta ce da ta zo tafiya iyaka a rufe take, kamar yadda take har yanzu, an ce mata ta haƙura sai an buɗe, ita kuwa ta kasa jira. Hamisu ɗan kabu-kabu, autan Inna, shi ya ɗauko ta a babur ta hanyar daji, ta cikin gonaki, har kaya ya yage mata hijabi. Tana ba da labarin tana dariya. Fasfo ɗinta ko tambari ɗaya babu. Ni da na zo sai da na wuni a layi, aka juya takarduna gaba da baya.

Sai ta ce, "Yaya, ina ma ni ce ake aika kamar ke. Jiya na ji Inna tana yi miki faɗa kan tulu, wallahi sai da na ji kewar gida."

Na yi murmushi. Ban sani ba ko ba'a ce. Kitson dai ya yi kyau, shi ma haushi ya ba ni.

Asabar, 21 ga Oktoba, bayan magariba

Sunan ɗan Hamisu. Tun asuba aka tashe ni. Ni ce wajen murhu, ni ce wankin tukwane, ni ce kai wa maza ruwa ƙofar zaure. Hayaƙi ya cika mini ido, lallen da na sa jiya ya tafi a banza. Wata tsohuwa da ban ma san sunanta ba ta daka mini tsawa wai miya ta kama.

Madam kuwa an shimfiɗa mata sabuwar tabarma a inuwa, an ajiye mata ƙirjin rago a faranti mai murfi. Aka miƙa mata jinjiri ta ɗauka, mata na guɗa, ana ɗaukar hoto. Ni Tala, matar Hamisu, ta miƙo mini shi ne da ya ɓata zani.

Kishi nake yi. To, na rubuta. Kishi nake yi da yarinyar da ba ta yi mini komai ba, kuma sanin hakan bai rage mini ko kaɗan ba.

Talata, 24 ga Oktoba, azahar

Rukaiya ta faɗi a wajen wasa, gwiwarta ta fashe. Ina tsaye kusa, har na buɗe hannu. Ta zagaye ni da gudu ta faɗa jikin Sumayya.

Na ɗauki buta na shiga bayan gida kamar da ma can za ni.

Alhamis, 26 ga Oktoba, la'asar

Madam Nusaiba ta zo daga buro, wato ofishin ƙungiya na Maraɗi, zagayen da takan yi. Ta duba ajujuwa, ta yi wa ajin Sumayya tafi, ta ce a ɗauki bidiyon murafan kwalba a nuna wa sauran makarantu. Nawa ajin ta leƙa ta ce "Ana ƙoƙari."

Daga baya ta zauna da kowane malami shi kaɗai a gindin dogonyaro. Ta tambaye ni lafiyata, ta tambaye ni yara, ta tambaye ni yadda sabuwar malama ta iso da iyaka a rufe, ko ta sha wuya a hanya.

Tambayata aka yi.

Juma'a, 27 ga Oktoba, safe

Ban yi ƙarya ba. Ko kalma ɗaya ban ƙara ba.

Juma'a, yamma

Kuma ai dokar ƙungiya ce, ba a shigowa sai ta hanyar hukuma. Mu duka mun sa hannu a kanta kafin mu zo. Idan wani abu ya same ta a nan, ƙungiyar za a rufe, yara su koma kiwon awaki. Wani ya yi tunanin wannan? Ni kaɗai nake tunanin yaran nan.

Sumayya ta kawo mini rabin dambun gidan maigari. Na ce cikina na ciwo.

Litinin, 30 ga Oktoba, azahar

An kira Mushe Ilyasu a waya ana tsakiyar darasi. Ya fita bayan rumfa, ya daɗe, ina jin "Wi, Madam" da "To, Madam." Da ya dawo bai shiga ajinsa ba. Ya tsaya a bakin nawa yana kallona, alli a hannunsa, har yara suka waiwaya. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, ya wuce.

Mu uku ne malamai a makarantar nan.

Talata, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Wata motar jami'an tsaro ta zo daga garin Gazawa. Ba Sumayya kaɗai suka nema ba.

Ni ban ambaci sunan kowa ba. Ko na ambata? An ce wa ya kawo ta, ai ba za a ce iska ba.

Sun tafi da Hamisu, sun ɗora babur ɗinsa a bayan mota. Babur ɗin da yake ci da gidan nan gaba ɗaya. Tala ta biyo su har bakin hanya da ɗanyen jego, ba ɗankwali. Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan turmi da ta kifa, ta ɗora hannu a gwiwa, mata na shigowa suna fita. Ina ɗaki na ji ta tana ce wa matar liman:

"Hanyar nan kowa ya san ta, har awakinmu. Da ita munka kai Iro asibiti, da ita anka kawo amaryar gidanku. Ban taɓa jin ɗan gari ya ɗauki maganarta ya kai buro ba."

Matar liman ta ce, "Ɗan gari kam ba shi yi."

Ban fito ba sai da aka kira magariba.

Laraba, 1 ga Nuwamba, hantsi

Babu wanda ya ce mini komai. Wannan shi ne abin. Ana gaishe ni, ina amsawa.

Da safe na ɗebo ruwa na cika randar Inna kamar kullum. Ta ce, "An gode." Wata tara ina cika randar nan ba ta taɓa gode mini ba, sai dai ta ce na zubar mata da rabi a hanya.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, yamma

Maigari da liman sun je Gazawa tun jiya, yau sun dawo da Hamisu. Babur ɗin yana can, ba a san ranar sakinsa ba. Ya shigo gida idonsa ya faɗa, ya gaida uwarsa, ya ɗauki ɗansa. Da na ce masa sannu, ya amsa da "Yawwa, sannu Madam," bai ɗago ba. Shi da yake kirana 'yar Katsina mai tsoron ƙadangare.

Sumayya kuwa buro ya ce ta haɗa kaya. Ranar Asabar mota za ta zo a miƙa ta gida ta hanyar hukuma. Ta je ta durƙusa gaban Inna tana kuka, wai ita ta jawo wa Hamisu. Inna ta ɗago ta ta share mata fuska da bakin zani, ta ce, "Ke mi kinka yi, ɗiyata? Zuwa kinka yi."

Ko a wannan ma ita ake rarrashi. Allah na tuba, amma haka na ji, kuma ga shi na rubuta.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, azahar

Na fara rubuta wa Madam Nusaiba saƙo in ce ban tabbatar da abin da na faɗa ba. Na goge. Ai na tabbatar.

Asabar, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Ta tafi.

Rabin gari ya fito rakiya. An cika mata bayan mota da gujiya da wake da kaji biyu a ɗaure. Rukaiya ta riƙe mata hijabi, sai da kakarta ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ta dai koma irin kallon nan nata na da.

Kafin motar ta iso Sumayya ta shigo ɗakina ta ajiye ledar murafan kwalba a kan katifa. Ta ce jajaye goma-goma ne, farare ɗaya-ɗaya. Ta ce Rukaiya ba ta son a tsaya a kanta, a durƙusa daidai tsawonta. Ni za a gaya wa halin Rukaiya! Na ce na ji.

Ta kai ƙofa ta tsaya.

"Yaya Nazira, ni ban ce wa kowa komai ba."

Na ce, "Me za ki ce?"

Ta kalle ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na samu abin riƙewa. Ta ce, "Allah Ya bar zumunci," ta ɗaga labule ta fita. Ban je bakin mota ba, na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 6 ga Nuwamba, azahar

An cire zana. Aji duka nawa ne, manya da ƙanana.

Ban taɓa ganin yaran nan da ladabi irin na yau ba. Da na shiga suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Babu mai tsunkulin wani, babu mai roƙon fita fitsari. Na zazzage murafan kwalba a tabarma na ce wa zai ƙirga mana. Suka zuba mini ido. Na gwada waƙar baƙaƙen nan da na haddace ta cikin zana, muryata ta fito wata iri, mutum biyu suka amsa, su ma suka bari.

Na durƙusa gaban Rukaiya na ce ta faɗa mini sunan wannan baƙin. Ta dubi allo, ta dubi ƙafarta.

Litinin, dab da magariba

Sun dawo! Ina zaune sai ga yara da kwanoni, kuma ƙofata suka tsaya. Tuwon gidan liman a kwanon nan mai fure shuɗi, dambun gidan maigari, fura daga ruga, har da gidajen da ba su taɓa aiko mini ba. Na jera su a bakin katifa ina kallo. Ashe duk tsorona ne, ashe ba su riƙe ni da komai ba. Na ci har na ji numfashina na yin sama.

Inna ma a kwano mai murfi ta aiko mini da nawa, maimakon ta kira ni mu ci tare. Wataƙila ta ga na gaji.

Talata, 7 ga Nuwamba, yamma

Sun sake zuwa. Yaran sun durƙusa, "Madam, ga shi an ce a kawo maki." Na ce wa jikan Inna, kai Jibrilla, yaushe na zama Madam? Ya ce haka aka ce su riƙa cewa.

Abincin ya yi mini yawa. Babu wanda zan ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba, hantsi

Yau da asuba na ɗauki guga zan tafi rijiya, na tarar randa a cike. Na nemi tsintsiya, an riga an share har ƙofar ɗakina. Da na ji an fara daka na fito da sauri. Inna da Tala ne a turmi, jinjiri na goye a bayan Tala. Taɓaryata, wadda Hamisu ya sassaƙe mini daidai hannuna, tana jingine da rumbu. Na ɗauka.

Inna ta daina daka. Ta zo ta riƙe taɓaryar a hankali, ba ƙwace ba, ta zare ta daga hannuna.

"Aje, Madam. Ba a sa baƙo aiki."

Na ce, "Inna, ni ce fa. Nazira ce."

"Na sani."

Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar tabarma, ta shimfiɗa a inuwar rumbu, ta kakkaɓe ta da hannu. Na ce Inna don Allah ki yi mini faɗa. Ki zage ni, ki ce na zubar miki da ruwa, ki ce komai. Tala ta juya baya tana jijjiga ɗanta.

Inna ta ce, "Subhanallahi, hwaɗan mi? Kin baro ƙasarku kin zo kina koya ma ɗiyanmu karatu, ba mu biya ki ba. Sai godiya." Ta koma bakin turmi ta ɗaga taɓaryarta, sannan ta waiwayo kamar ta tuna wani abu. "In kin tashi tahiya gida ki hwaɗa mana da wuri, mu daka maki guzuri."

Na ce to.

Na zauna a kan tabarmar har suka gama daka.